Ranar da Nomau Ya Dawo da Tulu Babu Ruwa

An yi wani mutum a wani gari na bakin tafki, tun zamanin da ƙafa ce motar kowa, ana ce masa Nomau. Ku saurara, jama'a, har da kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi. Bawan Allahn nan masaƙin tabarma ne, baƙo a garin. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. In ya yi tari a ɗakinsa, ba mai ce masa sannu.

Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce makauniya, Inna Yalwa, mai ciwon gwiwa da kaifin harshe. Duk garin ita kaɗai ke kiran sunansa, ko da don ta yi masa faɗa ne. Shi kuwa faɗan nan daɗi yake masa.

To, can ƙarshen tafkin, a gindin wani dutse, akwai idon ruwa mai ɓuɓɓugowa da zafinsa, ba wuta ba itace, ikon Allah. In aka gasa wa Inna gwiwa da ruwan, takan samu barci. Saboda haka duk Alhamis sai Nomau ya saɓi tulu ya kama siririyar hanyar da ta bi gaɓar tafki. Ruwa a damansa, duwatsu a hagunsa, ga ƙaya, ga santsi. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ba wanda zai yi wa sallama sai tsuntsaye. In ya isa, ya tsoma ƙafafunsa cikin ɗumin, tururi na dukan fuskarsa, ya tuna matarsa, ya share ido, ya cika tulu ya juyo.

Ku lura da nan. Kafin ya iso gida ruwan ya huce sarai, sai an sake ɗora shi a wuta. Ba launi, ba wari. Wa zai bambance shi da na tafki?

Wata damina tafkin ya cika ya cinye hanya. Nomau ya kutsa, ruwa har gwiwa, har ƙugu, har ƙirji. Ga tururi can yana hangowa, amma ba halin isa. Ya juyo jiƙe sharkaf, tulu wayam.

A bakin gari ya tarar da wani masunci, Jatau, yana gyaran koma. Jatau ya ce, "Kai baƙo, ga ruwa nan a gabanka, ɗebi mana! Tsohuwar da ba ta gani? Ka ɗumama mata, ta sa maka albarka."

Nomau ya dubi tafkin. Ya san halin Inna. In ta yi fushi ta daina kula shi, shi ke nan ya rasa abokin magana a duniya. Har ya sunkuya, sai ya miƙe. Ya ce, "Ita ba ta gani. Wanda ya yi ni da ita fa?"

Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Inna, yau ban samo ba. Ruwa ya tare hanya. In kin yarda in ɗumama miki na tafki, amma na tafki ne."

Ta ce, "Ragon banza! Ƙato da kai ruwa ya kore ka? Tashi ka ba ni wuri!"

Ta juya fuska bango. Ya gaishe ta da safe, shiru. Ya gaishe ta da yamma, shiru. Haka aka yi ta kwanaki. Yana zaune yana saƙa, yana jiyo nishinta ta bayan danga, ba ya da abin yi. Wallahi jama'a, kaɗaicin da ya sha a lokacin ya fi na hanyar tafki ciwo.

Rannan da hantsi sai ya ji, "Nomau! Zo nan."

Ashe tsohuwa na da ɗa, Sallau, da ya tafi fatauci shekaru da yawa. Labarin rasuwarsa ya iso garin tuntuni, amma mutane suka haɗa baki suka ɓoye mata, wai tausayi. Kowa ya shigo sai ya ce, "An gan shi, yana gaishe ki." Ita kuwa kullum tana cewa ba ta yafe masa ba, tunda ya ƙi zuwa. Shi kuwa Nomau ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma nauyin bakinsa ya hana shi gaya mata.

Ta laluba ta kama hannunsa. Ta ce, "Na yi ta tunani. Tunda idona ya mutu, abin da aka ga dama ake gaya mini. Kai ka ƙi ruɗina a kan ruwa. To gaya mini, Sallau yana raye?"

Nomau ya ce, "Inna, sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa, an daɗe."

Ta yi salati. Ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ce, "Ashe da mamaci nake ta fushi! Ɗana bai guje ni ba. Sallau, na yafe maka duniya da lahira." Ta ƙara damƙe hannun Nomau, ta ce, "Kai kuma zauna, ɗana. Ina za ka?"

To jama'a, kun ji. Da ya cika tulun nan a tafki, da tsohuwa ta shiga kabari tana riƙe da ɗanta a zuci, don ba ta da wanda za ta tambaya. Gaskiya a ƙaramin abu ita ke sa a nemo ka ranar babba. Kowannenmu yana da wanda ba ya iya bincikar maganarsa: tsohon da ke kwance a ɗaki, mara lafiya, matar da ke jiran ka dawo. Kada ka ruɗe su ka ce tausayi ne. Ka faɗa musu da taushi, ka jure fushinsu, ka zauna kusa da su. Allah ya sa mu cikin masu gaskiya ko ba mai ganinmu.