Goyon Tabawa

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa gizo-gizon fadama ba ta saƙa gida, sai yawo da 'ya'ya jibge a baya kamar mai gudun yaƙi.

A da tana da gidanta. Sunanta Tabawa, ta yi saƙarta a cikin ciyawar bakin tafki, ga sanyi, ga ƙwari ta ko'ina. In za ta farauta sai ta bar 'ya'yanta a ɗaki, hankali kwance.

Ana nan sai wani manomin rani mai suna Jatau ya zo ya dasa tumatir. Tsutsa ta yi wa gonar caa. Da abin ya ishe shi sai ya durƙusa gaban Tabawa, ya kwantar da murya kamar na Allah.

"Ranki ya daɗe, ki taimaka ki cinye mini 'yan banzan nan. Ni kuwa wallahi lungun nan naki, ba mai taɓa shi ina raye."

Kan Tabawa ya kumbura. Ɗan Adam guda ya durƙusa mata! Maƙwabcinta Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Tabawa, irin rantsuwar nan aka yi wa kakana. Gidansa ne tashar mota yanzu."

Ta ce, "Baƙin ciki ke damunka, mai ƙaton baki."

Ta kama aiki ba ji ba gani, tumatir ya yi ja. Jatau ya sayar, ya sayo injin ban ruwa ya zuƙe tafkin har ya koma taɓo. Ya sayo maganin feshi. Sai kuma gona ta yi masa kaɗan, ga ciyawa ta bushe ƙayau. Ya yi abin da manoma suka saba, ya kyasta mata ashana.

A lokacin Tabawa tana cikin gonarsa, tana yi masa farautar tsutsa. Da ta hango hayaƙi sai ta ruga cikin wutar, ta kwaso 'ya'yan da suka yi saura, ba su kai rabi ba. Ta zo gabansa tana kuka.

"Jatau, ina rantsuwar?"

Ya sunkuyo ya ƙura mata ido. "Wannan kuma wane irin ƙwaro ne?" Ya jawo tulun feshi.

Shi ya sa har yau ba ta saƙa gida, ba ta kuma barin ɗa a ƙasa. Tsutsa kuwa ta saba da feshi, sai ƙiba take yi, jikokin Jatau suna ta sosa ƙeya. In kun ci sa'ar ganin Tabawa, don yanzu ganinta sai an tona, kada ku yi wa goyonta dariya. Inda za ta sauke su take nema, fadamar kuma kowace shekara ƙara tsukewa take yi.