Tasalla da Wasiƙun da Shamuwa Ke Kawowa

Ga ta nan tafe, yara, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, Iya, kunnuwanmu na jira.

To, ku matso, ku bar tsokanar juna. An yi wani manomi ana ce masa Nomau, da matarsa Delu, da 'yarsu ɗaya tilo, Tasalla. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Uwata.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Nomau ya kama saniyar Delu, wadda ta zo da ita daga gidan iyayenta, ya sayar ya sayo hatsi, bai ko shawarce ta ba. Hatsi ya ƙare, saniya ba ta dawo ba. Suka yi faɗa, Delu ta faɗi magana mai zafi. Da gari ya waye, babu Nomau, babu tabarmarsa. Ya yi kudu, can bakin babban ruwa, neman abin yi.

Lokacin Tasalla ba ta wuce shekara biyar ba. Kullum da la'asar sai ta kifa turmi a ƙofar gida, ta hau kai, ta yi ta duban hanyar kudu har a kira ta cin tuwo. Delu ba ta hana ta. Ita ma in ta fito zubar da shara takan daɗe a waje fiye da yadda zubar da shara ke bukata.

Da damina ta kawo kai, sai ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gidansu, da takarda ɗaure a ƙafarta. Tasalla ta ruga gindin tsamiya tana waƙa:

"Shamuwa mai dogon zango,
Kin ga Baba a bakin ruwa?
Yana ci, yana sha, yana barci?
Yana tuna mu, ko ya manta?"

Shamuwa ta ce, "Na gan shi. Amma ni ba na riƙe saƙon baka. Kwana arba'in nake yi a sama, iska na kwashe magana daga kaina. Abin da aka ɗaura mini a ƙafa, shi kaɗai ke isowa. Ga shi nan."

Aka kwance takarda. Duk ƙauyen babu mai karatu, sai Kurege. Shi ma kwana uku kacal ya yi a makaranta ya gudu, amma ba wanda ya sani. Ya zo da tabarau maras gilashi a karan hanci, ya karɓi wasiƙa, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Nomau ya ce yana lafiya. Ya ce a ba mai karatu gyaɗa ƙwarya ɗaya."

Delu ta ce, "Shi ke nan, Malam Kurege?"

"Shi ke nan."

Tasalla ta ce, "Bai ce a gai da Uwata ba?"

"Bai ce ba."

Aka ba shi gyaɗa. Ya naɗe wasiƙar ya sa a hammata, ya ce wasiƙa ba ta kwana a gidan da ba a karatu, haruffanta tsiyayewa suke yi.

Da damina ta ƙare, shamuwa za ta koma, Delu ta kira Kurege ta zaunar da shi. Ta ce, "Ka rubuta masa, maganar saniya ta wuce. Ya dawo gida." Kurege ya tsoma farce a tawada, ya yi ta kartar takarda, ya naɗe. Shamuwa ta tafi da ita. Rani ya zo ya wuce, Nomau bai dawo ba.

Damina ta biyu, wasiƙa ta biyu. Kurege ya ce, "Yana lafiya. A ba mai karatu gyaɗa ƙwarya biyu." Damina ta uku, wasiƙa ta uku. Kurege ya ce, "Yana lafiya. A ba mai karatu gyaɗa ƙwarya uku, a ƙara masa da riɗi."

Tasalla ta ce, "Malam Kurege, takarda cike ciki da bai, amma magana biyu kawai?"

Ya ce, "Rubutu haka yake, yarinya. Yawancinsa ado ne."

Ranar Tasalla ba ta hau turmi ba. Ta je gindin tsamiya ta zauna, ta ce, "Shamuwa, in magana na zube miki, abin da idonki ya gani fa?"

Shamuwa ta ce, "Shi ba ya zubewa. Na ga babanki yana rubuta wannan wasiƙar tun hantsi har azahar, yana yi yana share ido da bakin riga. Kuma duk lokacin da na kai masa amsarku, sai ya duba, ya juya, ya sake juyawa, ya ajiye. Ranar ba ya cin abinci."

Tasalla ta shiga gida ta durƙusa gaban uwarta. Ta ce, "Inna, makaranta zan shiga. Ina so in ji maganar Baba da idona."

Delu ta ce, "Ke 'yar nan, makaranta na hayin rafi, ga aikin gida, ga ni ni kaɗai."

"Zan yi aikin kafin in tafi."

Makarantar tana ƙarƙashin wata babbar kuka. Malamin kuwa wani tsohon kunkuru ne, 'ya'yan mutane da 'ya'yan dabbobi duk shi ke koya musu. Malam Kunkuru ba ya gaggawa. Harafi ɗaya yake bayarwa a yini, a ƙasa ake rubutawa da tsinke. Dokarsa ita ce, ba mai taɓa alƙalami da takarda sai wanda ya ci jarrabawa, wanda aka kama da maguɗi kuwa ba ya sake zama a gindin kukar nan.

Tasalla takan tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta surfa gero, sannan ta ɗora 'yar ƙwaryar furarta a ka ta ratsa rafi. Karatu bai zo mata da sauƙi ba, kada ku ce ko kanta daban ne. Akwai haruffa biyu da suka yi sati uku suna juya mata baya, harafin ba da harafin da. In ta rubuta wannan, sai Malam ya ce wancan ne. Yara suka yi ta dariya. Rannan ta fashe da kuka.

Malam Kunkuru ya rarrafo kusa da ita, ya ce, "'Yata, me kike son rubutawa da farko in kin iya?"

Ta ce, "Baba. Da kuma dawo."

Ya ce, "To, kin ga dukansu biyu kina bukata. Share, ki sake."

Ta share ta sake. A gona in tana korar tsuntsaye, rubutu take yi a kan kunya. A murhu, da toka. A bakin rafi, a kan yashi. Kafin a yi girbi, haruffan nan biyu sun zauna mata.

Kurege ya ji labari, hankalinsa ya tashi. Ya tare ta a hanya ya ce, "Tasalla, wahalar me kike sha? Ga ni, ni nake karanta muku." Ta gaishe shi da ladabi, ta wuce.

Ya je wurin Delu ya ce, "Uwargida, kin bar yarinya tana yawon hayi, aiki ya yi miki yawa." Delu ta duba randa cike, tsakar gida fes, gari a ƙwarya. Ta ce, "Wane aikin, Malam Kurege?" Ya fita yana kaɗa wutsiya.

Rani ya yi nisa, aka sa ranar jarrabawa. Ana jibi za a yi, Kurege ya haƙa rami ta ƙarƙashin ɗakin Malam, ya sace takardar tambayoyi, ya yar da ita a kan hanyar rafi inda Tasalla ke bi. Ya laɓe a bayan sabara. Nufinsa, in ta ɓoye takardar, ya je ya ce ita ta sata, a kore ta.

Tasalla ta ga takarda a ƙasa ta ɗauka. Idonta ya riga ya saba, kafin ta ankara ta karanta layin farko. Nan ta gane ko mene ne a hannunta. Ga sauran tambayoyin nan a ƙasa, ba kowa a hanya, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas, shamuwa ta kusa. Ta tsaya jim kaɗan. Sai ta ninke takardar, ta ɗaure ta da ciyawa, ta nufi gindin kuka.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na tsinci wannan a hanya."

Malam ya dube ta. "Kin karanta?"

"Na karanta layin farko kafin in san ko mece ce. Sauran ban duba ba."

"Da kin ce ba ki ga komai ba, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Malam."

Malam Kunkuru ya ce, "Ba za ki zauna da 'yan'uwanki jibi ba, tunda kin ga tambaya ɗaya. Sai bayan kwana bakwai, ke kaɗai, kuma sababbin tambayoyi zan yi miki."

Jibi ta yi, Tasalla tana gefe tana kallon waɗanda suka ci ana miƙa musu alƙalami. Kwana bakwai ɗin nan, kullum sai ta duba sama tana roƙon shamuwa ta ɗan jinkirta. Ran na bakwai Malam ya sa ta karatu, ta karanta. Ya yi mata shifta, ta rubuta. Ya ce ta rubuta abin da ke ranta, ta cika allo ta juya bayansa. Malam ya duba a hankali, yadda ya saba, har rana ta karkata. Sannan ya ɗauko alƙalami da kurtun tawada da takarda uku ya ba ta.

Ya ce, "Na koyar da masu saurin kai da yawa. Wannan alƙalamin ban taɓa ba wani shi ina mai kwanciyar rai kamar yau ba."

Ba a yi kwana uku ba aka yi ruwan fari, shamuwa ta sauka. Kurege ya zo da tabarau, ya karɓi wasiƙa, ya yi gyaran murya. "Nomau ya ce yana lafiya. Ya ce a ba mai karatu..."

Tasalla ta ce, "Malam Kurege, a kife ka riƙe ta."

Ta miƙa hannu ta karɓa. Maƙwabta sun taru. Ta fara karantawa:

"Delu, wannan ce ta huɗu. Sau uku ina roƙon ki yafe mini saniyarki, sau uku kina aiko mini da zane kamar na kaza a tsakar gida. Na gane har yanzu kina fushi, kuma ban ga laifinki ba. Na tara abin da zai sayi saniya da maraƙi. In kin yarda in dawo, kalma ɗaya ta isa. In ban ji ba bana, zan bi jirgin masunta zuwa inda shamuwa ba ta zuwa, in daina damun ki. Ki gai da Uwata. Yanzu ta kai ina a tsawo? Haƙoranta na gaba sun fita? Kullum da la'asar ita nake tunawa."

Delu ta rufe fuska da gyale. Da aka waiwaya, Kurege ya yar da tabarau ya zura da gudu. Mutane suka bi shi da fartanya, suka tone raminsa, suka tarar da wasiƙu uku ya yi shimfiɗa da su a kan tarin ɓawon gyaɗa, ya gaigaye gefensu. Shi kuwa ya sulale ta wata ƙofa ya shige daji. Shi ya sa har yau in kurege ya fito sai ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba nan ya duba can. Masu fartanya yake dubawa.

Tasalla ta karanta wa uwarta tsofaffin wasiƙun, inda haƙori ya cinye, sai su yi ta cankar abin da Nomau ya ce. Suka karanta, suka sake karantawa, har damina ta ƙare. Ranar da shamuwa za ta tashi, Delu ta zauna ta yi ta faɗa, Tasalla na rubutawa, har takarda biyu suka cika. Ta ukun Tasalla ta riƙe don kanta. Ta rubuta, "Baba, ni ce na rubuta. Na kai kafaɗar Inna. Dawo."

Shamuwa ta tashi. Suka bi ta da kallo har ta zama ɗigo.

Aka yi girbi, shiru. Aka yi sussuka, shiru. Tasalla ba ta fasa makaranta ba, don Malam ya ce yanzu ma aka fara. Rannan tana dawowa daga hayi da allonta, sai ta tarar da wani mutum zaune a bakin rafi, da furfura a gemu, da saniya da maraƙi a igiya. Ya kasa ƙarasawa cikin gari. A hannunsa akwai takarda da ta yi laushi saboda yawan buɗewa.

Ya ce, "Yarinya, gidan Delu na nan inda yake?"

Tasalla ta dubi takardar, ta ga rubutun hannunta. Ta ajiye allo a hankali, ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Kawo igiyar in riƙe maka."

To, kun ji, yara. Tasalla ba ta fi kowa kai ba. Sharewa take yi ta sake, kuma ranar da ba mai ganin ta, ta yi abin da za ta yi ko ana gani. Gobe duk wanda ya ce mini ciki na ciwo don kada ya je makaranta, zan tambaye shi wa zai karanta masa tasa wasiƙar.

Ƙurunƙus, kan kurege a bakin rami. Ta tafi, ta bar mu nan.