Mai Lambun da Ya Sayi Zurfin Rijiya

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin fadama. Wata shekara rafi ya ƙafe da wuri, ga shi ya riga ya yi dashe, abincin iyalinsa na shekara duk yana cikin lambun nan. Sai ya kira masu haƙar rijiya biyu.

Babban cikinsu, wani dattijo, ya damƙi ƙasar, ya murza, ya ce, "Maigida, wurin nan rairayi ne. Sai dai mu riƙa haƙa muna ɗaure bango da duwatsu. Ka biya mu ladan yini."

Mutumin kuwa fitar da kwabo a wurinsa kamar cire haƙori ne. Ya ce, "In biya ku kuna jera duwatsu, albasata tana mutuwa? Zurfi zan biya, kowace gaba da kuɗinta."

"Ɗaurin fa?"

"Ɗauri ba zurfi ba ne."

Suka dubi juna. Suna da 'ya'ya a gida, duk yinin da suka ɓata a ɗauri kuwa ba za a ɗora tukunya ba. Suka shiga haƙa ba ji ba gani, ƙasa tana zubo musu a ka. Albasa ta fara yaushi. A rana ta shida ruwa ya ɓullo, suka karɓi ladansu suka tafi, mai lambu yana ta yabon wayonsa.

Washegari ya zura guga, ya ja na fari, ya ja na biyu. Sai ya ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Da kyar ya yi tsalle baya, rijiyar ta rufta gaba ɗaya.

Ya ruga wurin dattijon yana kuka, ya ce, "Kun cuce ni!"

Dattijon ya ce, "Maigida, zurfi ka saya, zurfi muka ba ka."

Kafin a haƙa wata, albasar ta ƙone ƙurmus.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mai lambun shi ne kowannenmu da ke da ma'aikaci a ƙarƙashinsa, a kamfani, a shago, ko a gida. Ɗaurin rijiya shi ne aikin aminci da ido ba ya gani, wanda mai yunwa ba ya iya tsayawa ya yi. Abin yana ba ni baƙin ciki: muna raira waƙa a coci ran Lahadi, ran Litinin mu matse ladan talaka, sa'an nan mu kira shi rago. Ubangiji yana jin kukan ma'aikacin nan, ya kuma san sunan wanda ya sa shi kukan.