Jiƙon Gwangwanin Gwaggo Habibatu

Akwai wani bawan Allah a Manchester mai suna Nuruddeen, yana zaune a Withington yana digirinsa na uku a kimiyyar sinadarai. Karatu kam yana da shi, ba mai ƙwace masa. Aibinsa ɗaya: in ya faɗi magana, to ta zauna ke nan.

Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Habibatu, ta shekara talatin a Handsworth, can Birmingham. Ita ta tarbe shi ranar da ya sauka ƙasar, ita ta saya masa rigar sanyinsa ta farko. Tana fama da ciwon suga, har likita ya gargaɗe ta cewa ya fara taɓa mata ido. Wannan ya tsaya mata a rai, don ba abin da take so kamar ta zauna bakin taga da hantsi ta buɗe Alƙur'aninta.

Wata rana Nuruddeen ya ci karo da wani bincike a kan mangostin, wani ɗan itace na ƙasashen Asiya mai kaurin ɓawo, cikinsa fari sala-sala kamar tafarnuwa. An ce yana da wani sinadari da aka gwada a ɗakin bincike, da alamar yana rage suga. Gogan naku 'yan layukan farko kawai ya karanta. Ranar Asabar ya shiga wani shago a Gorton, bai sami ɗanye ba sai na gwangwani. Ya sungumi katan guda ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

“Gwaggo, na kawo miki waraka,” ya ce yana dire katan ɗin. “Kullum ki sha ɗaya. In sha Allahu idon nan zai washe.”

'Yarta Raki, wadda aka haifa a can, ma'aikaciya a gidan kula da tsofaffi, ta ɗauki gwangwani ɗaya ta juya bayansa.

“Nuru, did you even read the label? An rubuta heavy syrup. Ruwan sukari ne zalla, kuma Mum is diabetic.”

Ya kwashe da dariya. “Ke da aikinki yi wa tsofaffi wanka a care home, yau ke za ki koya mini research?”

“Wallahi ba wasa nake ba. Bari mu tambayi GP ɗinta, likitan da ke duba ta, tukuna.”

“GP ɗin da sai an yi sati uku kafin a sami appointment?”

Gwaggo ta yi murmushi ta ce, “Ku dai ba kwa girma.” Taubasai ne, kullum cikin tsokanar juna suke, shi ya sa ta ɗauki maganar Raki a wasan da suka saba.

Raki ta kwashe katan ɗin ta tafi da shi gidanta. Da Nuruddeen ya ji, ransa ya ɓaci, ya sa aka riƙa kai wa Gwaggo wasu har ƙofa. Ita kuwa ta riƙa ɓoye su ƙarƙashin gado, don kada 'ya'yanta su ɓata a kanta.

Ga inda abin ya lalace. Gwaggo ta tashi ne a gidan da ake shan jiƙo, ta san in an jiƙa saiwa ko sassaƙe, ƙarfin maganin a ruwan yake. Ta kira shi a waya.

“Nuru, ruwan da ke ciki fa? Ai shi ne jiƙon ko?”

Hankalinsa yana kan kwamfuta. “Eh Gwaggo, ki shanye, duk natural ne.”

Daga ranar, safe da yamma sai ta buɗe gwangwani, ta cinye 'ya'yan, ta kafa kai ta shanye ruwan tas. Ƙwayoyin asibiti kuwa ta jingine su, don a saninta ba a haɗa magani biyu. Ƙishirwa ta addabe ta, fitsari ba ƙaƙƙautawa, rubutu ya fara yi mata dishi-dishi. Ta ce ciwon ne yake fita.

Wata huɗu aka yi a haka. Wata safiyar Litinin Raki ta yi ta kiran waya ba a ɗauka. Ta buɗe gidan da makullinta, ta tarar da uwarta a yashe kan darduma, ba ta san inda kanta yake ba.

Aka garzaya da ita asibiti, aka ceto ranta da ƙyar. Idanun ne ba a ceto ba. Jini ya zuba a cikinsu, na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai dai ta bambance haske da duhu.

Da Nuruddeen ya iso asibitin, Raki ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro gwangwani daga jakarta ta miƙa masa.

“Read it.”

A ranar ya fara karanta bayansa. Ɗan bitamin C kaɗan, 'yar dusa mai taimakon hanji, saura kusan duk sukari. Mai lafiya ya sha jefi-jefi don marmari, ba komai. Ya buɗe binciken nan a wayarsa, ya karanta har ƙarshe. Sinadarin da ya dogara da shi a ɓawo yake, ɓawon da ake zubarwa tun a masana'anta. Ko sau ɗaya bai taɓa shiga gwangwanin ba.

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da Gwaggo, ya durƙusa gefen gado. Gwaggo ta lalubo kansa ta shafa.

“Nuru ne? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kada ka biye wa Raki.” Ta rage murya. “Ka zo mini da maganin? Waɗannan mutanen sun hana ni, ni kuwa so nake in koma karatuna.”

Ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ƙwace masa.

Darasi: Rabin sani a bakin mai girman kai guba ne, kuma wanda ya fi yarda da kai shi zai fara sha. Ku karanta bayan gwangwani kafin ku ba mara lafiya, ku saurari mai gyara muku ko da kun raina shi, kuma kada kowa ya ajiye maganin asibiti sai da sanin likita. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida.