Fangalin da Malam Haladu Ya Bayar

Jama'a, ku matso ku ji. An yi wani mutum, bawan Allah, a wani babban birni can da daɗewa, ana ce masa Malam Haladu. Ba mai kuɗi ba ne, ba kuma malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa ba. Mai lambu ne kawai.

A unguwarsu akwai wani kango da ya zama juji. Da tsadar abinci ta ishi mutane, sai magidanta suka haɗu suka kwashe sharar, suka haƙa rijiya, kowa aka yanka masa ɗan wuri. Alayyahu, yakuwa, kuɓewa, tattasai, wuri ya yi kore shar. Suka kuma yi shawara mai kyau: duk Juma'a bayan la'asar, kowa ya kawo abin da ya samu ƙofar masallaci, a shimfiɗa tabarma a raba wa masu buƙata. Sai dai fa da ƙarfi ake kiran suna, kowa yana kallo.

To, ku saurara. Akwai maƙwabcin Malam Haladu, wani tela, Malam Sallau. Da can shi ke ɗinka wa rabin unguwa kayan salla. Ido ya yi rauni, aiki ya ɗauke, har keken ɗinkin ya sayar. Gidansa ana wuni ba a ɗora tukunya ba, amma in ya fito rigarsa a wanke, ka gaishe shi ya ce sai godiya. Mutum irin wannan, a kira sunansa a ƙofar masallaci ya miƙa hannu? Ya gwammace ya kwana da yunwa. Amma yara ba su san wannan ba, kuka suke yi.

Wata rana da tsakar rana, rana ta take, lambu ba kowa, Malam Haladu ya koma ɗaukar gugansa. Sai ya hango Malam Sallau durƙushe a fangalinsa na alayyahu, wanda ya fi kowanne kyau, wanda yake sayarwa ya sai wa iyalinsa gero. Yana tsinka yana waige-waige. Wallahi tausayi ya kama Malam Haladu har idonsa ya cika. Ya laɓe bayan zogale kamar shi ne mai laifin, ya ce a hankali, "Ya Allah, kai ne shaida, wannan fangali na ba shi halak malak." Bai fito ba sai da mutumin ya tafi.

Ya ci gaba da ba fangalin ruwa, bai ƙara tsinkar ko ganye ɗaya ba. Gidansa ma aka rage tuwo. Ya so ya je ya faɗa wa Malam Sallau ya ba shi fangalin, sai ya ga faɗar ma tonon asiri ce, ya yi shiru.

Masu lambu dai suka lura ana shigowa. Shugabansu Alhaji Mamuda, mutumin kirki ne amma akwai zafin kai, ya rantse duk wanda aka kama sai an zagaya unguwa da shi. Aka yi kwanto. Rannan kuwa sai ihu: "Ga shi! An kama shi!"

Malam Haladu ya sheƙo. Ya tarar an riƙe wa Malam Sallau wuyan riga, alayyahu ya zube a ƙasa, dattijo ya sunkuyar da kai, mutane sai ɓulɓulowa suke daga lunguna.

Ya ce, "Alhaji, lafiya kuka riƙe min maƙwabci?"

"Ɓarawonka muka kama maka, Malam!"

"A wane fangali?"

"Wancan, naka na bakin rijiya."

Malam Haladu ya ce, "Ai wannan ba nawa ba ne, nasa ne. Na ba shi tuntuni, Allah ne shaidata. Mutum ya tsinki kayansa ku ce sata? Don Allah ku sake shi." Ya durƙusa ya tattara ganyen, ya karkaɗe ƙasar, ya miƙa masa da hannu biyu. "Malam, ka yafe mana. Ruwan gobe kuma kai za ka bayar, bayana ya fara ciwo."

Alhaji Mamuda ya saki rigar, har yana gyara masa wuyanta. Malam Sallau ya karɓi ganyen, hawaye na zuba. Washegari tun da sassafe aka gan shi bakin rijiya yana jan guga, kai a ɗage, a cikin lambunsa.

Jama'a, ciyarwa alheri ce babba, amma rufin asiri ya ɗara ta. Kar ka cika wa mutum ciki ka zubar masa da mutunci. A layinku akwai gidan da hayaƙi ya daina tashi, mai gidan kuma ba zai taɓa zuwa ya roƙe ka ba. Ka san gidan, ni ma na san nawa. Kar ka jira sai an riƙe masa wuyan riga. Ka kai masa yau, ta hanyar da gobe zai iya haɗa ido da kai. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.