Kunkurun Gangaren Dolon

Akwai wani mutum a Bishkek, babban birnin ƙasarsu, mai suna Ermek, irin 'yan ƙauyen nan da birni ya karɓa har suka manta warin tumaki. Ya sayi jif baƙa mai canza giya da kanta, tun daga ranar kuwa kafaɗarsa ba ta sake saukowa ba.

Wata Laraba aka kira shi daga ƙauyensu At-Bashi: mahaifinsa ya rasu, za a binne shi gobe kafin rana ta karkata. Kun san dai ɗan da bai zuba wa ubansa ƙasa da hannunsa ba, har ya tsufa ana nuna shi da baki.

Da asuba ya ɗauki yayarsa Saltanat suka kama hanya.

Sun gama hawa dutsen Dolon, sun fara gangarawa, sai ga wata tsohuwar babbar mota a gabansu, an lafta mata busasshiyar ciyawa, tana rarrafe. Ermek ya danna hon har yatsansa ya gaji. Da ya samu ya wuce, sai ya sauke gilashi ya zuro kai.

"Kai kunkuru! Titin na ubanka ne? In tsufa ya kama ka, ka koma gida ka yi kiwon jikoki!"

Tsohon direban ya ɗaga hannu yana nuna masa ƙasa-ƙasa, wato ya bi a hankali. Ermek ya yi tsaki.

Saltanat ta ce, "Ermek, sa'an Baba ne fa. Kuma gawar Baban za mu."

"Yaya, don Allah bar ni in yi tuƙi."

Ku ji mini tuƙin! Kowane ɗan tsauni ya san ba a sauka Dolon da birki, da ƙaramar giya ake sauka, inji ya riƙe mota. Shi gogan naku ya ɗora ƙafa a kan birki kamar yana layin danja a birni. Kwana ta ɗaya, ta biyu, ta biyar, ƙauri ya fara tashi. A ta gaba ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, babu komai.

Saltanat ta fasa salati. Allah ya taimake shi ya karkatar da motar ya goga ta da jikin dutse, motar ta yi ta ƙara har ta tsaya a cikin tsakuwa. Da ya fito, ya ga man birki yana ɗiga a ƙasa. Bututun ya fashe.

Ya hau kan wani dutse ya samu sabis da ƙyar, ya kira masu janwe. Aka sa masa kiɗa. Can wata murya ta ce, "Yallaɓai, a wace unguwa kake?"

"Unguwa? A kan dutse nake! Dutse!"

"To akwai wani shago kusa da kai da direbanmu zai gane?"

"Akwai. Wata mikiya ce ke tsaron shagon!"

Aka ce motarsu ta tafi wani aiki, ya saurare su zuwa yamma. Ya kira wasu, suka ce ba sa hawa sama in hadari ya haɗu. Sai sabis ya ɗauke. Ƙananan motoci biyu sun tsaya, amma a cike suke maƙil, kuma babu wadda za ta iya da nauyin jif. Ermek ya dubi agogo, ya zauna a tsakuwa ya dafe kai. A lokacin ne ya fara yi wa ubansa kuka.

Sai ya ji nishin inji. Motar ciyawa ce. Ya sunkuyar da kai, yana fatan ta wuce.

Ba ta wuce ba. Tsohon ya sauko, gajere, da farar hularsa ta ulu, ya sa wa tayarsa dutse. Bai ce uffan kan zagi ba. Ya leƙa ƙarƙashin jif, ya shinshina, ya miƙe.

"Sunana Toktosun. Ka dafa birkinka, ɗana, saura gishiri. Ina za ku da wannan sauri?"

Saltanat ce ta gaya masa. Tsohon ya shafa addu'a a fuska, ya dubi rana, ya ce, "Za a iya. Ɗauko mini sarƙa a bayan kujera."

Ermek ya jawo sarƙar ya nufi gaban motarsa.

"Ina za ka? In na ja ka ta gaba a gangaren nan, ta bayana za ka shigo har cikin ciyawa. Ta baya zan ɗaure ka. Kai ne a gaba, ni ne birkinka."

Ya ƙulla bayan jif da gaban motarsa, ya jijjiga, sannan ya kama kafaɗar Ermek.

"Sitiyari kawai ne naka. Kada ƙafarka ta taɓa totur. Ka fizgi sarƙar nan sau ɗaya ta tsinke, kabari biyu za a ƙara tonawa yau. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Haka suka gangara, da ainihin tafiyar kunkurun da ya zaga. Rami a dama, agogo yana gudu. A wani miƙaƙƙen wuri ƙafar Ermek ta fara matsawa wajen totur da kanta. Saltanat ta dafa gwiwarsa. Ya dubi madubi, ya ga tsohon ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan sarƙa, yana riƙe da rayukansu kwana bayan kwana. Ya janye ƙafar.

Da suka iso ƙasa, Ermek ya ɗauka nan za a kwance shi. Ciyawar Toktosun garin Naryn za a kai ta, tun kafin a isa At-Bashi, ga hadari, in ruwa ya same ta ta lalace. Tsohon ya zuro kai ya daka tsawa: "Wuce mana! Wa ya ce maka an iso?"

Sun sauke Saltanat a ƙofar gida wajen mata, suka zarce maƙabarta. An riga an sa gawa a kabari, kawun Ermek yana ta jan mutane da addu'a don a jinkirta. Sai jama'a suka ga jif a kakkarce, ɗaure da sarƙa kamar ɗan maraƙi, motar ciyawa tana biye. Ermek ya diro da gudu yana kuka, ya durƙusa, ya damƙi ƙasa ya zuba wa ubansa. Toktosun ma ya zuba tasa.

Kafin a gama addu'a, mazan ƙauyen sun lulluɓe ciyawar da tamfol. Da aka shiga tantin zaman makoki cin naman doki, kamar yadda al'adarsu take, tsohon ya raɓe a bakin ƙofa. Ermek ya kama hannunsa, ya ratsa da shi ta gaban manyan baƙin birni, ya zaunar da shi a can ƙurya, mazaunin babban baƙo.

Ya ce, "Jama'a, mutumin nan na zage shi da safe. Na kira shi kunkuru."

Toktosun ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ai ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Shekara arba'in ina sauka dutsen nan, kunkurun bai taɓa kwana a rami ba. Miƙo mini gurasar can."

Darasi: Kada ka raina wanda ka wuce a hanya, don wataƙila shi ne zai riƙe ka ranar da birkinka ya ƙi. In kuwa kai aka zaga, tsaya ka fito da sarƙarka, mutunci ba ya jiran ban haƙuri. Ku tura wa duk wani mai saurin danna hon da kuka sani, in ya ji haushi ku ce ni na aiko.