Gaiwa da Gurbin Tarwaɗa

An yi wani tafki a gefen fadama, wanda yake cika da damina, ya janye da rani har sai gurbi ɗaya mai zurfi ya rage. A cikinsa akwai Tarwaɗa mai girman kai da dogon gashin baki, ita ta naɗa kanta mai tsaron gurbin, ba wanda ya naɗa ta. Akwai kuma Gaiwa, doguwa santaleliya, mai haƙuri, ba ta da yawan magana. A bakin tafkin, cikin wani tsohon suri, Kumurci yake zaune, shi kuwa kowa ya san shi da saurin fushi.

Wata shekara rani ya yi tsanani. Ruwa ya yi ta ja da baya, kifaye suka yi ta tururuwa zuwa gurbin, domin duk wanda bai samu shiga ba rana za ta gasa shi a kan laka. Gaiwa ma ta taho ta yi sallama.

"Dakata nan!" in ji Tarwaɗa. "Gurbin nan na kifaye ne. Ke wace ce?"

"Haba Yaya, ni ce Gaiwa. Tare fa muka yi damina."

"Kada ki ƙara kirana Yaya! Dubi tsawonki. Dubi waɗannan zare-zaren guda huɗu da ke gefenki, su ne fikafikan iyo? Kuma ina kallonki, kullum sai kin leƙa sama kin shaƙi iska. Ke macijiya ce, tafi wajen danginki."

Abin haushin, ita kanta Tarwaɗa tana leƙawa ta shaƙi iskar nan idan ba mai ganinta. Amma wa zai faɗa mata?

Gaiwa ta ja jiki zuwa bakin suri, ta yi wa Kumurci bayani. Ya fasa kai, ya zagaya ta yana huci.

"Fito da harshenki in gani. To, ina reshe biyun? Kin taɓa yin saɓa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Wannan tsagar ta gefen wuyanki fa, wadda ruwa ke bi?"

"Da ita aka halicce ni."

"Kai, amma an raina mini hankali! Duk mai wannan tsagar kifi ne, ko da tsawonsa ya kai igiyar guga. Ke kifi ce, yarinya. Ɓace mini da gani, ramina ba ya ɗaukar baƙi."

Wayyo Gaiwa! Ruwa ya kore ta, tudu ya kore ta, ga rana tana dukan bayanta. Ta samu inda laka ke da sauran danshi, ta kafa kai, ta yi ta haƙa har ta ɓace. Can ƙasa ta naɗe jikinta, yauƙin fatarta ya bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar wata 'yar ƙofa daidai bakinta don iska.

Tarwaɗa ta ƙyalƙyale da dariya. "Kun gani? Ta haƙa kabarinta da kanta!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranin wannan shekara bai bar ko gurbin ba. Ruwan ya zama kamar kunu, daga nan ya zama taɓo, tsuntsaye suka sauko suna tsince kifaye. Da Tarwaɗa ta ga mutuwa muraran, sai ta fito tudu, ta kama jan ciki tana murɗe-murɗe, ta nufi kogi. Da ƙyar ta isa, jiki duk ya kuje.

A bakin kogin ta tarar da Giwan Ruwa, babban kifin da ke tsaron wurin.

"Dakata nan! Ke wace ce?"

"Ranka ya daɗe, kifi ce ni, 'yar uwarku."

"Kifi? Da idona na ga kin taho ta tudu kina jan ciki. Jikinki sumul, ko ɓawo ɗaya babu. Macijiya dai! Kada ki kuskura ki matso cikin zurfi."

Haka Tarwaɗa ta ƙare rani a ɗan ruwan gaɓa da bai rufe bayanta ba, kullum cikin ɓuya. Wata rana Zalɓe ya kai mata sara, ta sha da ƙyar, amma ya tsinke mata rabin gashin bakin da take taƙama da shi.

Da damina ta faɗi, kogi ya tumbatsa ya malala fadama, ruwan ya kwaso Tarwaɗa ya dawo da ita tafki, a rame kamar tsinke. Ta tarar da Kumurci a kan surinsa ya zuba wa wuri ɗaya ido.

"Baba Kumurci, me kake kallo?"

"Yi shiru! Ƙasa ce ke motsi."

Ƙasar nan da ta bushe ta tsattsage, wadda shanu suka yi wata da watanni suna takawa, ita ce ta jiƙe tana kumburi. Sai ga kumfa. Sai ga kai ya ɓullo. A hankali Gaiwa ta warware jikinta, ta fito, ta girgije laka, ta leƙa sama ta ja iska doguwa. Da ranta, lafiya lau!

Kumurci ya sauke kansa ƙasa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. "Ikon Allah! Rani guda ba ci ba sha, a cikin busasshiyar ƙasa? Ni dai ban taɓa ganin kifi irin wannan ba."

Gaiwa ta yi iyo ta shige gurbin da ya cika fal, ba kowa a ciki sai ita. Tarwaɗa ta tsaya daga baki, kunya ta rufe ta, ga tsoron Zalɓe yana shawagi a sama.

"Yaya Gaiwa," ta ce da ƙaramar murya, "ko zan iya shigowa? Wallahi ni kifi ce."

"Shigo mana," in ji Gaiwa. "Ni ban tambaye ki ba."

Darasin wannan labari shi ne, kada ka yanke wa wani hukunci don surarsa ta bambanta da taka, kuma kada ka rufe wa mabuƙaci ƙofa da sunan ba danginka ba ne. Tambayar da ka kori wani da ita, wata rana kai ma za a tare ka da ita a bakin wata ƙofar.